Shaidar Auta A Kan Kajin Yaya

"Wannan ce budurwar kazar da ka sayar min?!"

Tela ya jefa mushen kazar a kan teburin rumfar, har kwanon awon abincin kaji ya wuntsila ƙasa. Auta da ke tsugune tana zuba wa kaji ruwa a keji ta miƙe zumbur.

Yayanta bai ko motsa daga kan benci ba. Ya dubi kazar a wulaƙance, sannan ya dubi Tela.

"Malam, da ranta na ba ka ita. In ba ka iya kiwo ba, ka koma kan keken ɗinkinka."

"Ba su yin ƙwai! Ci kawai suke kamar gara, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya! Ka rantse min kajin gidan gona ne na ainihi, irin haɗin nan masu ƙwai kullum, ka ce yanzu za su fara!"

"To ni zan shiga cikinsu in yi maka ƙwan?"

Maƙwabtan rumfa suka kwashe da dariya. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutum biyun nan su ne duk abin da take da shi a duniya. Yaya ne ya rene ta tun rasuwar iyayensu, da wannan rumfar ya ciyar da ita, ya sa ta a makaranta. Tela kuwa shi ne wanda za ta aura. Idanunsa ne suka fara rauni, likita ya ce ya rage ɗinki, shi ya sa ya kwashe ɗan abin da ya tara ya zuba a kajin ƙwai, don kada ya kawo ta gidan da babu abin yi.

"Yaya, don Allah..." ta ce a hankali.

"Rufe min baki! Kai kuma ka ji da kyau, wanda ya zo ya ci min mutunci a gaban mutane ba zai auri ƙanwata ba. Ɗauke mushenka ka ba ni wuri!"

Tela bai ɗauka ba. Ya juya ya kama hanya, Auta ta yar da butar ta bi shi da gudu, Yaya na ƙwala mata kira.

A lungun da ke bayan rumfuna ta cim masa.

"Nawa... ka tsaya mana!"

Ya tsaya, amma bai juyo da fuskar da ta sani ba.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da aka kawo min kajin nan kin zo kin gan su. Ke da kika tashi a cikin kaji. Kin gane ko ba ki gane ba?"

Ta sunkuyar da kai. Ta gane mana. Tun daga bakin ƙofa ta ga ƙafafunsu sun yi kaushi sun koɗe, wuyansu ya tsige. Tsofaffi ne da wata gona ta gama cin moriyarsu ta sayar don yanka. A ranar ta koma gida ta yi wa Yaya magana, ya daka mata tsawar da ta sa ta haɗiye sauran.

"Na ɗauka... na ɗauka za su ɗan yi maka ƙwai kafin in san yadda zan ɓullo wa abin."

"Kin ɗauka!" Ya yi wata dariya mai ciwo. "Ina ta murna ina nuna miki su, ina cewa ga abincin 'ya'yanmu, ke kuma kina murmushi! Ashe ku biyu kuka haɗa baki."

"Wallahi ban haɗa baki da kowa ba!"

"Shirun naki fa? Me sunansa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta share da gefen mayafi.

"Ka zage ni yadda kake so. Amma na san inda ake samun na gaskiya. Ka bar ni in kai ka."

"Don ki sake kai ni a yanka?"

"Ka zo da idonka, ni zan nuna maka abin da za ka duba."

Sai da ya kwana biyu yana kashe mata waya kafin ya yarda, shi ma don babu wanda ya sani a harkar ne. Ragowar tsofaffin ya sayar wa mai gasa kaji, ya kuma sayar da kekensa na surfani ya haɗa kuɗin sayen wasu.

Kafin su je ko'ina ta sa shi suka kwashe ɗakin kajin da ke bayan gidan mahaifiyarsa. Suka kankare kashin da ya daskare, suka wanke bango da ƙasa da maganin kashe cuta, suka bar shi a buɗe ya sha iska. Ta sa ya fasa bangon gefe ya sa waya, don ɗakin ba ya numfashi. Duk aikin nan bai ce mata sannu ba. Mahaifiyarsa ma, da a da take kiranta 'yata, yanzu in ta gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Da sassafe suka hau motar haya zuwa wata gonar kaji da ke bayan gari. Ya zauna can jikin taga, ya bar wuri a tsakaninsu kamar baƙi.

Mai gonar wata dattijuwa ce mai kaifin baki. A bakin ƙofa ta tsayar da su, ta sa suka tsoma takalmansu a ruwan magani.

"Ba a shigar min kan kaji da ƙafar kasuwa," in ji ta.

Ɗakin ya cika da jajayen kaji, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kamar an zuba su daga kwano guda. Auta ta kamo ɗaya ta miƙa masa.

"Riƙe. Shafa ƙafarta."

Ya shafa. "Sumul take."

"Ka ga kalarta rawaya, ba ta koɗe ba? Dubi idonta, tar. Gashinta a kwance, babu tsigewa. Zankonta yanzu yake fara ja, alamar ƙwai ya kusa. In ka ga kaji wata ƙatuwa wata ƙarama, wata baƙa wata fara, aka ce maka irin haɗi ne, ka kama gabanka."

"Da kin faɗa min haka tun farko..."

Mai gonar ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"In faɗa kuka zo yi, ga fili can waje. Kajina ba sa son hayaniya."

Ta gaya masa inda aka ƙyanƙyashe su da rigakafin da aka yi musu, ta ba shi buhun irin abincin da suka saba ci, ta ja masa kunne kada ya canza musu shi farat ɗaya.

Kafin rana ta yi zafi sun iso gida da kajin da ya saya a cikin keji. Auta ta baza garin katako a ƙasa, ta jera mazubin ruwa. Tela ya ɗauko buhun abinci zai zuba, ta riƙe bakin buhun.

"Ruwa tukuna. Sun sha wahalar hanya, sai sun sha sun huce."

"Yunwa fa?"

"Ba za ta kashe su ba. Ka fito da su ɗaya-ɗaya, ban da jifa."

Suka durƙusa gaban kejin suna fito da su. Kajin suka tsaya cirko-cirko, sai wata ta matsa ta tsoma baki a ruwa, ta ɗaga kai sama, sauran suka bi ta. Auta ta nuna masa kusurwar da zai ajiye akwatunan ƙwai, inda haske bai yi yawa ba. Ta ce ya hana maƙwabta leƙe, ya kori kajin gida daga bakin wayar.

Da ta juyo ta tarar yana kallonta. Fuskarsa ta ɗan saki.

"Rabin raina..." ya ce can ƙasa, "me ya sa kika yi min haka?"

Sunan ya karya mata zuciya. Rabon da ta ji shi tun kafin rigimar.

"Tsoro na ji. Shi ne uwata, shi ne ubana. Ka yafe min, Nawa."

"Ke na yafe miki. Shi kuwa na riga na kai ƙararsa wurin shugaban 'yan kasuwa. Sun ce in kawo shaida." Ya kau da kai. "Na ba da sunanki."

Ta ja da baya har ta taka mazubin ruwa.

"Ka ba da me?!"

"Gaskiya kawai za ki faɗa."

"A gaban mutane? A kan Yaya? Ka kira mai gasa kajin da ya saye su mana, ya gan su da idonsa! Ka kira kowa, ban da ni!"

"Maganar mai gasa kaji ba za ta yi masa zafi ba. Taki ce za ta yi."

Ta zuba masa ido.

"Au, ba haƙƙinka kake nema ba ashe. Zafin kake so ya ji."

"Dariya aka yi min, Auta! A gaban kasuwa! In kina sona, ki tsaya a bayana."

Ta durƙusa a gabansa. "Na roƙe ka don girman Allah ka cire sunana..."

Ya ɗauki buhun ya juya mata baya, ya fara zuba wa kajin abinci.

Ranar zaman, ofishin shugaban ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Yaya na zaune ya harɗe ƙafa, yana ganin ta shigo ya saki murmushi. Ko a ransa bai kawo za ta ba shi kunya ba.

Shugaban ya gyara tabarau.

"Yarinya, ki ji tsoron Allah. Kajin da yayanki ya sayar wa bawan Allahn nan, 'yan mata ne ko tsofaffi?"

Ta dubi Yaya. Ta ga furfurar da ta fito masa tun bai kai ba, ta ga hannayen da suka goya ta zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da ita. Amma an haɗa ta da Allah.

"Tsofaffi ne..." ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya."

"Tsofaffi ne! Sun gama ƙwai."

Ofishin ya ɗauki guna-guni. Aka yanke wa Yaya ya mayar wa Tela haƙƙinsa, aka rufe masa rumfa sai yadda hali ya yi. Ya miƙe a hankali, ya zo daidai inda take, bai ɗaga murya ba.

"Na gode, Auta. Tarbiyyata ta yi kyau."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi.

A waje Tela ya tare ta, fuskarsa fal fara'a.

"Masoyiyata! Kin wanke ni! Kuma albishirinki, yau da safe na tsinci ƙwan farko a akwati, ɗan ƙarami, da ɗuminsa! Gobe zan turo manyana, yanzu ba shi da bakin hana mu."

"Kada ka turo kowa."

"Ban gane ba..."

"Na cuce ka da shiruna, na biya ka. Ɗakinka ya gyaru, kajinka na gaskiya ne, an ba ka gaskiyarka. Amma na durƙusa maka a cikin kashin kaji ina roƙonka, ka ɗauke ni ka soki yayana da ni. Kullum na kalle ka fuskarsa ta yau zan gani."

"Shi ya fara zaluntata!"

"Na sani. Shi ya sa na faɗa."

Ta zare zoben da ya ba ta, ta kamo hannunsa ta sa masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Auta... rabin raina... kada ki yi mana haka!"

"Ka riƙa sauya musu ruwa safe da yamma. In ka ga wata ta takure, ka ware ta."

Ta juya da sauri don kada ya ga yadda fuskarta ta jiƙe. Yana kiranta har ta sha kwana.

Da ta isa gida ƙofa a kulle take ta ciki. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta sake, shiru. Ta sulale ta zauna a kan dakali, ta kifa kai a gwiwa tana kuka mai cin rai, har rana ta yi ja, masu wucewa na kallonta.

Can ta ji motsin sakata. Matar Yaya ce ta buɗe, idanunta jajur. Daga cikin ɗaki muryar Yaya ta fito a dishe, ba da ita yake magana ba, da matarsa yake.

"Ki ce wa waccan ta shigo min daga titi. Ban mutu ba tukuna da za a ce ƙanwata ba ta da gida."