Buɗewar Baba Mati

Ana gab da magariba Imrana ya sauko daga motar haya ta gbaka a tashar Indénié, ya juya ya koma unguwar Treichville. Ya manta jakarsa a zauren da aka yi gasar ces, wato darar Turawa.

Shi ya ci kofi ranar. Da wata buɗewa, wato salon fara wasa, ya kayar da kowa: doki ya fita gefe, a sadaukar da soja, sai tarko ya rufe. Baba Mati ne ya ƙirƙiro ta, wani tsoho ɗan Nijar da ya koya masa wasan a unguwar Adjamé Liberté. Yana kwance ba lafiya ya damƙa masa ita, ya ce, "Ɗana, in ta ci, ka ambaci sunana."

Da aka tambaye shi a gaban jama'a buɗewar ta wa ce, Imrana ya ce, "Tawa ce." Wayar tsohon ta yi ta shigowa, ya ƙi ɗauka.

Zauren ba kowa. An kife kujeru, fanka a kashe. Ya sunkuya zai ɗauki jakar, sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas. Agogon wasa ne.

Can ƙurya akwai tebur ɗaya, an jera 'ya'yan ces tsaf. Warin man zafi ya daki hancinsa, irin wanda tsohon ke shafa wa gwiwa.

Farin doki ya ɗaga, ya sauka a gefe. Ba hannu.

Kujerar da ke bayan teburin ta yi ƙara, kamar an gyara zama.

"Zauna, ɗana."

Ƙafafunsa suka kai shi. Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannunsa na dama, suka ɗora kan baƙin soja.

"Ta wa ce?"

"Baba, ka yafe..."

"Ta wa ce?"

"Taka ce! Wallahi taka ce!"

Riƙon bai sassauta ba. Sai da ladan ya ɗaga murya a masallacin bayan zauren, Imrana ya fizge, ya ture teburin, ya fita da rarrafe.

Gidan tsohon ya nufa. Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi da mutane. Lailatu, matar Mati, ta dube shi da jajayen idanu.

Imrana ya ce mata, "Tanti, yaushe?"

"Da magariba ya cika. Ya ce a gaya maka shi ya yi takunsa a wasan, saura kai."

Washegari Imrana ya faɗa wa masu gasar gaskiya. Yana koyar da buɗewar har yau, da baki kawai. Hannun nan na dama bai ƙara iya ɗaga soja ba.