Hoton Mai Sassaƙa a Baranda

"Kowa ya kwanta! A ƙasa!"

Dogara ya ɗora wa direban motar kayan wuƙa a wuya. Mai gadi ya yunƙura, Ilu ya kai masa sara a hannu, ya sungumi wani akwatin katako. Maidaji ya figi motarsu — sai unguwar Sanyuanli, inda suke zaman baƙunta!

A ɗakin hayarsu suka buɗe. Hoton fenti ne: wani dattijo ɗan Italiya, shahararren mai sassaƙa, ya dafa kan mutum-mutumin dutse. Mai zanen fadar wani sarkin Turai ne ya zana shi, shekaru aru-aru.

"Wannan tsohon zai mai da mu Kano a jirgi," in ji Dogara. "Zan je filin jirgin Baiyun in shirya kago. Kada kowa ya taɓa shi."

La'asar ta yi. Ilu ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma, sai ga idon dattijon a alƙibla.

"Ban yin sujada gaban mai sassaƙa gumaka."

"Kai ɗan iska!" Maidaji ya tuntsire da dariya. "Ɗazu ka sari mutum, yanzu kai ne liman? Juya shi bango mana."

"Mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Sara tsakanina da Allah ne, yana iya yafewa. Wannan daban."

Ya ɗauke shi, ya jingine a baranda cikin shanya, ya tayar da kabbara.

A benen da ke kallonsu wata tsohuwa na shanya tufafi. Ta dubi fuskar, ta dubi wayarta. Fuskar ce 'yan sanda suka baza tun rana. Ta kira su.

Maidaji ya fara hango motocin 'yan sanda. Ya ɗauki takalmansa, ya sulale ta bayan gida.

Gwaram! Ƙofa ta faɗi — ihu, bindigogi! Ilu na zaune a tahiya. Bai waiwaya ba sai da ya sallame.

An kama Dogara a Baiyun. Mai gadin bai ƙara moran hannunsa ba. A motar kurkuku, cikin ankwa, Dogara ya tofar da yawu.

"Don salla ɗaya ka kashe mu, Ilu."

Ilu ya dube shi ido cikin ido.

"Oga, ko yanzu aka dawo da hoton, waje zan kai shi."