Gurbin Yaya Gimba

Juwairiyya na tankaɗen garin tuwo a tsakar gidansu na haya a unguwar Obiagu, sai Inna ta fito ta dire akwatin kayan na-gani-ina-so a gabanta.

"Gobe a mayar wa Yahya kayansa. Ba zan ba marar aikin yi 'yata ba!"

"Haba Inna! Shekara uku fa muna tare..."

"Shekara ukun za ki dafa ki ci?"

Juwairiyya ta fashe da kuka. Wata biyu da suka wuce, har guɗa aka yi a gidan nan da aka ji an ƙara mafi ƙarancin albashi. Yahya da yayanta Gimba tare suke lodi a wani kamfanin ruwan leda, kuma Inna da bakinta ta ce ƙarin na shigowa za a sa ranar biki. Ƙarin ya shigo kuwa, amma da kora a bayansa. Mai kamfani ya ce ba zai iya biyan mutum ashirin sabon albashi ba, ya sallami takwas. Yahya na ciki, Gimba ya tsira.

Da la'asar Juwairiyya ta iske Yahya a Kasuwar Artisan yana tura baro, duk ya rame, tausayinsa ya kama ta.

"Kai da ka fi kowa daɗewa a wurin, me ya sa da kai?"

"Rabona ne ya ƙare. Kada ki ga laifin Inna, ki yi haƙuri."

Washegari Inna ta sa Gimba ɗaukar akwatin. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya sauke, sai ga ƙaton mutum yana hawaye kamar yaro.

"Inna, wallahi sunana ne a takardar! Manaja ya kira ni ya ce, 'Gimba, work don finish,' wai aikina ya ƙare. Yahya ne ya bi shi ofis ya roƙa a cire shi a bar ni, wai ni ke riƙe da ke da 'ya'yana huɗu. Ya ce kada in faɗa, ni kuma kunya ta rufe min baki. Tuwon da muke ci wata biyun nan, guminsa ne!"

Inna ta zauna daɓas, ta daɗe tana kallon kwanon garin.

"Innalillahi! Wanda ya ciyar da ni na kora? Ku kira min ɗana Yahya."

An ɗaura aure bayan sallar layya, ba kanofi ba makaɗa, ango kuma bai daina tura baro ba. Juwairiyya dai ba ta taɓa nadama ba, don ta ci ribar haƙurinta. Iyaye, kafin ku tambayi albashin mai neman 'yarku, ku binciki halinsa. Albashi ana iya yanke shi rana ɗaya, amma ba manajan da zai sallami mutum daga halin kirki.