Igiyar da Ta Taɓa Delu

Ana gab da magariba na rufe ɗakin magani na hau babur. Ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin wani ƙauye gabas da Gazawa, kuma ranar tun safe nake kan ƙafa.

Na ƙarshe da na duba ita ce Dija, 'yar shekara tara. Babanta Sajo, makiyayi, ya ce jikinta zafi. Damina ce, kowa masassara. Na taɓa goshinta, na ba da ƙwayoyi. Ta motsa baki kamar za ta yi magana, ni kuwa hankalina yana kan makulli.

Ina shiga tsakanin gonakin gero babur ya mutu.

Kwaɗi suka yi tsit. Sai warin man shanu, a ƙarƙashinsa warin ruɓaɓɓen nama.

Na ji tafiya. Taku ɗaya, sai a ja ɗayar ƙafar a ƙasa.

Mace ce da ƙwarya a ka. Ƙafarta ta hagu ta kumbura kamar turmi. Tun ba ta ɗago ba na gane ta, kuma wallahi kunya ta riga tsoro kama ni.

Delu ce. Shekara biyu ke nan ta zo mini ita kaɗai, a irin wannan lokaci, ta ce, "Likita, igiya ta taɓa ni." Ni 'yar birni, mai takardar lakol, wato makarantar boko, ban san mutanen nan ba sa kiran sunan maciji in rana ta faɗi ba. Har dariya na yi. Na ba ta maganin ciwon jiki, ban ɗaga zanenta ba. Kwana uku ta rasu. Ban faɗa wa kowa ba.

Ta matso. Jini na tsattsafowa tsakanin haƙoranta.

"Likita," ta ce a hankali. "Kin duba ƙafar?"



Ta kama wuyan hannuna. Sanyi kamar ruwan randa.

"Kin duba?"

Na fizge, na bar babur a nan, na zura da gudu. Ina jin jan ƙafar a bayana, kusa, har bakin asibiti.

Na tarar da Sajo yana ɗora Dija a amalanke. Na yaye zanenta. Huda biyu a idon sawu, ƙafar ta fara hawa. Na buɗe bakinta, dasashi duk jini. Kububuwa ce. Yarinyar ta daure ne, ba ta son ta yi raki gaban babanta. Na ɗaure ƙafar da katako don kar ta motsa, muka kai ta Gazawa aka yi mata allurar dafi.

Ta rayu. Tun ranar, ko ciwon kai mutum ya kawo, sai na duba shi har tafin ƙafa.

Bayan sati biyu Sajo ya zo da ƙwaryar nono, ya durƙusa.

"Likita, Allah shi biya ki," ya ce. "Uwar Dija, Delu, ita ma igiya ce ta taɓa ta. Ina arewa da shanu aka kai ta. Da ta samu irinki, da yanzu tana nan."

Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Har nonon ya lalace ban iya kurɓa ba.