Ba Bindiga a Gonar Jatau

A tashar motar Gusau Irmiya ya fara ganin Rifkatu, tana wanke kwandasta tas a kan buhun geronta da ya jefar cikin taɓo. Yarinya siririya, amma baki kamar reza. Ya saki baki yana kallo har ta juyo kansa.

"Malam, kallo ka zo yi ko za ka kama mini?"

Ya saɓa buhun har motar Kwatarkwashi. Da ya ga ƙaramin gicciye a wuyanta sai ya ce, "Ashe 'yar'uwa ce. To, ɗiyar manoma da sayen gero a birni?"

Fuskarta ta canja. "Mun daina noma," ta ce. Amma kafin mota ta cika, lambarta ta shiga wayarsa.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Uwar ɗakina, kin isa lafiya? Kafaɗata na gaishe da buhunki."

Ta mayar: "Na isa, ɗan dakona. Ka shafa mata man zafi, rago kawai."

Haka sunayen suka bi su. Soyayya ta kankama, hira ba ta ƙarewa. A cikin hirar ne ta ba shi labarin mahaifinta, Baba Jatau, dattijon coci wanda bai taɓa jefa ƙuri'a ba. A wurinsa Kirista baƙo ne a duniya, hannun da ke karɓar jibin Ubangiji bai dangwala wa kowa, bai kuma riƙe bindiga. Ko da 'yan bindiga suka kashe ɗansa Sule a gonar bayan dutse, cewa ya yi a bar wa Allah. Gonar ta koma saura.

Irmiya ya ji wannan ya haɗiye nasa zancen. Shi soja ne, kuma tsoro ya hana shi faɗa.

Rana ba ta ƙarya. Rifkatu na hanyar bikin ƙawarta Fiddausi, aka tsayar da motarsu a shingen sojoji na Tsafe. Wanda ya leƙo cikin motar da kaki da bindiga a kafaɗa, ɗan dakonta ne. Hawaye suka zubo mata.

Ya rubuta mata: "Na yi laifi, ki yafe mini. Tsoron rasa ki ne. Ranar da aka ƙone ƙauyenmu a ƙasar Bungudu na yi wa Allah alkawarin ba zan ƙara tsayawa kallo ba."

Sai da ta kwana biyu kafin ta amsa: "Ba kakin ne ya ƙona mini rai ba, ɓoyewar ce. Ka turo manyanka. Amma na san Baba."

Ta san shi kuwa. Da Irmiya ya zo da kawunsa, Baba Jatau ko tabarma bai bari sun ɗumama ba.

"Yaro, ban ƙi ka ba. Amma ɗiyata ba ta cin tuwon da aka samo da jini."

Irmiya ya sunkuyar da kai. "Baba, ni ma an yi mini baftisma. Ba don in kashe na shiga ba, don a daina kashewa ne. In duk muka naɗe hannu, wa zai tsare ƙofar coci ran Lahadi, da masallacin maƙwabcinka ran Juma'a?"

"Allah shi ne mai tsaro. Tashi ka tai."

Tsohon har ya fara yi mata sha'awar Malam Nuhu mai koyar da waƙa a coci. Rifkatu ba ta yi musu ba, rama kawai ta dinga yi, har zani ya daina zama a ƙugunta. Innarta ta tasa mijin gaba da kuka: "Malam, mun binne ɗaya. So kake mu binne na biyu?"

Shi ne Baba Jatau ya kawo sharaɗi. A al'adarsu, mai neman aure yakan tara gayya ya yi wa surukinsa noma, shi ma haka ya yi kafin a ba shi innar Rifkatu. Ya ce Irmiya ya nome masa gonar bayan dutse. A ransa ya ɗauka yaron zai ja da baya.

Irmiya ya ce ya yarda, zai roƙi ogansu a turo motar sintiri ta tsaya kusa.

"A'a," in ji tsohon. "Ba kaki, ba bindiga a gonata."

Rifkatu ta rubuta masa: "Don girman Allah kada ka je. A nan aka kashe Yaya Sule. Zan jira ka ko shekara nawa ne."

Ya amsa: "Uwar ɗakina, na ɗauki buhunki ban san ki ba, balle yanzu. Ki dama fura da yawa, ɗan dako ci gare shi."

Ya ɗauki hutu, ya zo da fartanya da abokansa. Maƙwabcin Baba Jatau, Malam Isah, ya turo 'ya'yansa, ya ce gonar Jatau ai gonarsu ce. Baba Jatau da kansa ya zauna gindin kaɗanya yana kallon ƙasarsa na juyawa, idonsa ya cika da ƙwalla. Hantsi ya dubi ludayi, Rifkatu ta sauke ƙwaryar fura ke nan, sai aka ji rurin babura daga daji.

Wayyo! Kowa ya daskare, ban da Irmiya.

"Ku bi kwazazzabo ku yi dutse, ku sunkuya! Rifkatu, kama Baba!"

Shi kuwa ya cire farar rigarsa, ya yanki fili ta wancan gefen yana kaɗa ta yana ihu. Baburan suka bi shi. Daga cikin kwazazzabo Rifkatu ta ji harbin, ta toshe bakinta da gyale.

Wasu sojoji da ke sintiri a bakin titi sun ji ƙarar. Su suka fatattaki maharan, su suka tsinto Irmiya tsakanin kunyoyin gona jina-jina. Babu wanda ya rasa ransa a gayyar nan. Amma a asibitin Gusau, likitoci suka yanke hannunsa na dama daga gwiwa.

Da Baba Jatau ya shigo ɗakin, sai ya ga inda hannu ya ƙare. Ya durƙusa a bakin gado, dattijo da furfura, yana kuka kamar yaro.

"Ni na raba ka da masu tsaronka, ɗana. Ni na yi maka wanga."

"Baba, tashi don Allah," in ji Irmiya, muryarsa can ƙasa. "Ai noman bai ƙare ba. Ka yi mini lamuni."

Tsohon ya girgiza kai. "Har yau ban sani ba ko ya halatta Kirista ya riƙe bindiga. Tsufa ya cim mini ban warware ba. Abin da na sani, masu riƙe da ita ne suka maido mini da kai. Rifkatu, zo nan."

Ta matso, idanunta sun kumbura. Ta share wa Irmiya zufa da bakin gyalenta, ta ce, "Daga yau ni ce 'yar dako. Kai sai dai ka nuna hanya."

Bayan kaka aka ɗaura auren a ƙaramin cocin Kwatarkwashi. Aikin soja ya riga ya ƙare masa. Abokansa suka zo cikin kaki, suka tsaya a waje suna jin nauyin tsohon. Baba Jatau ya fita da sandarsa ya ce, "Ku shigo, 'ya'yana, gidan Ubanku ne." Malam Isah da iyalinsa na zaune ƙarƙashin rumfa suna ta sa albarka.

Da fasto ya ce a miƙa amarya, tsohon ya kama hannun ɗiyarsa ya kai ɓangaren dama kamar yadda aka saba, sai ya tarar da hannun riga a naɗe, ba kowa a ciki. Irmiya ya miƙo na hagu yana murmushi. Baba Jatau ya haɗa hannuwan biyu, ya rufe su da nasa, hawaye na bin gemunsa.

"Ubangiji ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai tsoronsa," ya ce. "Ya sa 'ya'yanku su nome gonar can ba mai waige."

Jama'a suka amsa da amin, Rifkatu kuma ba ta saki hannun ba har aka tashi.