Maƙeriyar da Ta Ce Duka Biyu

A wani zamani an yi wata maƙeriyar jiragen sama, 'yar wani ƙauye na kan dutse. Ƙauyen ba shi da fili, asibiti kuma yana can nesa. Jirgi mai saukar ungulu yana dira a kan dutsen, amma ba ya dogon zango. Mai fiffike yana dogon zango, amma sai ya sheƙa da gudu a fili kafin ya tashi.

Ta ce za ta ƙera mai yin duka biyu.

Kawunta, shugaban maƙera, ya ce, "Zaɓi ɗaya, 'yata."

Ta ce, "Duka biyu, Kawu."

Jirginta na farko ya faɗi, ta karye a hannu. Kawu ya ce, "Zaɓi ɗaya." Ta ce, "Duka biyu." Sai ya kulle maƙerar.

Ta ja shi har mahauta. Suna kallo wata ungulu ta dira tsaye. Da ta ƙoshi kuwa, sai da ta taɓa gudu kafin ta tashi.

Ta ce, "Kawu, ita wa ya ce mata ta zaɓi ɗaya?"

Sai Kawu ya miƙa mata makullin maƙerar. Ya ce, "Hannunki bai warke ba. Ni zan riƙe guduma."