Binnen Hansai

Da hantsi shirwoyin ƙarfe suka tashi daga tashar Tudun Marke, suka kutsa cikin hadarin da ya haɗo daga gabas. Jirage ne marasa matuƙi, kowanne ɗauke da garin gishiri. In sun fesa wa gajimare sai ya zubar da ruwansa nan take, in sun tarwatsa shi sai ya wuce. Tun da gwamnati ta kafa Hukumar Sarrafa Gajimare, ɗigo ba ya sauka sai da izininta.

Hansai na ganinsu ta miƙe. Ta gyara goyon 'yarta Azumi, ta nufi tashar da sassarfa.

Sati guda ke nan da ta yi binne, kamar yadda kakanninta ke yi: a zuba gero cikin busasshiyar ƙasa, ya kwanta yana jiran damina. Iri a busasshen rami ba ya lalacewa. Abin da ke kashe shi ruwan da ba shi da mabiyi: ya tsiro, rana ta ƙone shi. Geron nan kuwa shi ne na ƙarshe a gidanta. Daga kunun Azumi ta riƙa tsakurarsa tun bayan rasuwar mijinta.

Mai kula da tashar, Sallau, ƙanin mahaifiyarta ne. Ta same shi zaune gaban allon na'ura.

"Kawu, ba an ce damina sai wata mai zuwa ba?"

"Haka aka ce."

"To waɗannan fa?"

"Manya ne suka zo daga birni buɗe sabuwar tashar nan. Ana son su ga ruwa da idonsu."

"Gobe ma za a yi?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "Daga gobe duk hadari na madatsar birni ne."

"Kawu, na yi binne! Rabin garin nan sun yi binne!"

"Ke 'yar nan, ni za ki gaya wa? Tawa gonar na maƙwabtaka da taki. Na buga waya har muryata ta dushe, suka ce ai manomi ba ya ƙin ruwa."

"To kashe abin mana!"

"Da me? Daga can ake tuƙa su. Ni kallo ne nawa, kamar ke."

Ba ta tsaya sallama ba. Ta ruga gona, ta durƙusa tana tonon ramuka da yatsu, tana tsince ƙwayoyin cikin yashi tana zubawa a gefen zani. Ko kunya ɗaya ba ta gama ba ɗigon farko ya faɗo mata a wuya. Daga tashar tana jiyo tafi da guɗa.

Ta kwance Azumi, ta rungume ta a ƙirji kada sanyi ya kama ta, ta zauna a ƙasa ruwa na dukan bayanta.

Cikin 'yan kwanaki gonar ta yi kore shar, tsiro bai taɓa yi mata kyau haka ba. Sama kuwa fes, kullum hadari ya leƙo sai a kora shi yamma, wajen madatsar birni. Ganye ya fara nannaɗewa. Rediyo na ta shelar cewa ɗan Adam ya gama da fari har abada.

Azumi ta rarrafa ta tumɓuke wani tsiro da ya yi rawaya, ta kai baki. Hansai ta miƙa hannu za ta ƙwace, sai ta tuna babu abin da za ta ba ta a madadinsa.